Rumspringa

Rumspringa wani zango ne a rayuwar matasan Amish, al'ummar Kiristoci da aka sani da noma da keken doki, waɗanda akasarinsu ke zaune a jihohin Pensilbaniya da Ohayo da Indiyana a Amurka. Yana farawa idan yaro ko yarinya sun cika shekara 16, yakan kuma ƙare da baftisma da aure.

Tushensa a aƙida yake. Amish reshe ne na Anabaftis, waɗanda suka ɓullo a Suwizalan a 1525 suna cewa ba a yi wa jariri baftisma, domin imani sai da hankali da yardar mai shi. A 1693 mabiya Jakob Ammann suka ware da tasu tafiyar, amma suka riƙe wannan hukunci. Saboda haka ɗan Amish, ko da ubansa ne bishop, bai zama ɗan ikkilisiya ba sai ya durƙusa da kansa ya ɗauki alkawari. Kafin nan dokokin ikkilisiya, da suke kira Ordnung, ba su hau kansa ba. Tarbiyyarsa na hannun iyayensa.

Talabijin ya fi son nuna masu shaye-shaye da raye-raye, kuma wannan bai yi wa galibin yaran adalci ba. Mafi yawansu ba sa barin gidan iyaye. Da yammacin Lahadi sukan taru a gidan wani manomi, samari a gefe guda na dogon tebur, 'yan mata a ɗaya gefen, su rera waƙoƙin ibada da Jamusanci, in an tashi saurayi ya kai budurwarsa gida a keken doki. Akwai dai waɗanda ke sayen mota da wayar hannu, su sa wandon jins, su yi askin zamani. Uba yana gani, ransa ba ya so, amma sau da yawa sai ya kau da kai.

Yawanci tsakanin shekara 18 zuwa 22 ake yanke shawara. Mai neman baftisma yana ɗaukar darussa a kan shikashikai 18 na bayanin bangaskiyar da aka rubuta a garin Dordrecht na ƙasar Holan a 1632, kuma ana gobe baftisma ake ba shi damar ƙarshe ta janyewa. Wanda ya tafi kafin ya yi alkawari ba a ƙaurace masa a hukumance. Wanda ya yi alkawarin sannan ya karya shi ne ake ƙaurace wa, har cin abinci a tebur ɗaya da 'yan ikkilisiya ya haramta.

Kimanin kashi 85 cikin 100 na matasan suna zaɓar zama. Zaɓin na gaske ne, sai dai ba a kan sikeli daidai aka ɗora shi ba. Karatun boko yana tsayawa a aji takwas, kuma a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa iyayen Amish wannan haƙƙi a shari'ar jihar Wiskonsin da wani uba ɗan Amish mai suna Yoder. Ba a ɗaura aure a ikkilisiya sai ga wanda aka yi wa baftisma. Yaron da ya fita zai fita ne ba takardar sakandare, ya bar abokansa da sana'ar gidansu, wataƙila har da yarinyar da yake so. Wasu rukunan Amish, kamar na New Order, ba sa barin matasansu su sake haka ma tun farko.