Waiwaye: Asalin rigimar "his" da "their" bayan "everybody"

Duk wanda ya zauna ajin Turanci a sakandare ya san ranar da malami yake jera everybody, somebody, anyone, nobody da each a allo, ya ce duka tilo ne ko da mutum dubu ake nufi. "Everybody is here" ake cewa, ba "are" ba. A nan malam ya yi gaskiya, daga Landan har Legas babu mai ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne wakilin sunan da zai biyo baya. An koya mana "everybody should bring his book", aka ce "their book" kuskure ne. Sai ɗalibi ya buɗe jaridar Ingila ya tarar da "their" ɗin nan birjik. To, wa ya kauce, malam ko masu harshen?

Abin da yawancinmu ba a gaya mana ba shi ne "they" mai nufin mutum ɗaya ya girmi dokar da ta hana shi da kusan shekara 400. Babban ƙamus na Oxford ya bi sawunsa har zuwa wata waƙa da aka rubuta wajen 1375. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da shi. Haka Shakespeare, haka mafassaran Baibul na Sarki James a 1611, haka Jane Austen a littattafanta. Waɗannan su ne mutanen da Turawa ke kafa hujja da su a kan ingancin harshe.

A ƙarni na 18 ne aka fara yaƙar "they" ɗin nan. Lokacin an shiga yayin rubuta littattafan nahawu don makarantu, marubutan kuma sun taso da Latin, suna son Turanci ya tafi a kan ma'auni kamar lissafi: tilo da tilo, jam'i da jam'i. Ann Fisher, malamar makaranta a Newcastle, ta fitar da littafin nahawunta a 1745, a nan ta ce "he" ya isa ya wakilci namiji da mace. Lindley Murray, haifaffen Amurka da ya zauna kusa da York, ya yaɗa wannan ra'ayi da littafinsa na 1795, wanda aka yi ta bugawa ana karantar da shi a Ingila da Amurka shekaru da dama. A 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta ce duk inda aka yi maganar namiji a rubutun doka, har da mace ake nufi. Ka ga sun gyara lissafin adadi, amma sun bar na jinsi a karkace, domin "he" ɗin bai daina kawo hoton namiji a zuciyar mai karatu ba.

Wannan Turancin na littafi shi ne ya iso mana, ta makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a 1922, malami ya miƙa wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami. Kuma ya samu wurin zama cikin sauƙi, don ya yi daidai da bakinmu. Mu ma cewa muke yi "kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa". Kowa, ya, bakinsa, duk namiji tilo, ko da mata na cikin waɗanda ake wa gargaɗin. Bahaushe bai ji wani abu baƙo a "his book" ba, shi ya sa bai tambaya ba.

Amma a bakin Turawan kansu dokar ba ta taɓa kama ƙasa ba. Gwada wannan: "Everybody came, didn't they?" Babu Baturen da zai ce "didn't he?" Aikatau na bin siffar kalmar, wakilin suna kuma na bin ma'anarta, ma'anar everybody kuwa jama'a ce. Nobody ma haka: "Nobody lost their way."

Ni hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce tarihin "you". Da can jam'i ne zalla, mutum ɗaya "thou" ake ce masa. Sannu a hankali aka riƙa kiran manya da "you" don girmamawa, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku", har "thou" ya ɓace daga maganar yau da kullum a ƙarni na 17. George Fox, wanda ya kafa ƙungiyar addinin Quaker, har littafi ya fitar a 1660 yana yaƙi da kiran mutum ɗaya "you". Bai yi nasara ba. Wasu suka ɓullo da "you was" don su bambance tilo, Robert Lowth ya yi tir da shi a nahawunsa na 1762, aka tsaya a kan "you are". Yau kowa yana ce wa mutum ɗaya "you are" ba tare da ya ji ya yi ɓarna ba. Hanyar da "they are" ya bi ke nan.

"None" ma ya sha irin wannan. An ce tunda asalinsa "not one" ne, dole ya ɗauki "is". Alhali tun zamanin Sarki Alfred, a ƙarni na 9, ana haɗa shi da aikatau na jam'i, kuma H. W. Fowler, masanin ƙa'idojin Turanci wanda ba a san shi da sassauci ba, ya rubuta a 1926 cewa kuskure ne a ɗauka tilo ne kawai.

Juyin baya-bayan nan ya faro ne a shekarun 1970, da mata masana suka ƙalubalanci "he" mai haɗiye kowa. Ann Bodine ta bi diddigin dokar a wata maƙala a 1975, ta nuna ƙirƙirarta aka yi. An gwada "he or she", ya yi nauyi a baki. Jaridar Washington Post ta karɓi "they" na tilo a 2015, kamfanin dillancin labarai na AP ya ba shi ƙofa a 2017, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta sa shi cikin ƙa'idar rubutunta a 2019. Akwai kuma sabon amfani da shi ga wanda ba ya son a kira shi "he" ko "she". Wannan muhawara ce daban, bai kamata a cakuɗa ta da tsohon "they" na bayan everybody ba.

Abin da nake roƙon malamanmu shi ne su raba wa yara ƙa'idar gida biyu. "Everybody is" a riƙe shi gam. "Their" kuwa kada a ja masa jan biro a ce jahilci ne, a gaya wa yaro tsoho ne, yana da asali. Ya kamata mai shirin WAEC ko JAMB ya san tsohuwar dokar, don zai iya cin karo da ita a tambayoyi. Idan kuma insha'i yake rubutawa yana tsoron mai maki, ya mayar da jimlar jam'i tun daga farko: "All students should bring their books."