Waiwaye: Wa ya ɗauki hoton Oban Benin a cikin jirgi?

Tun da Jamus ta fara maido wa Najeriya kayan tagullar Benin a 2022, muhawara ta wuce kan gumaka ta kai ga tsofaffin hotunan zamanin mulkin mallaka da ke jibge a gidajen tarihin Turai. Wasu na cewa a maido su, wasu na cewa a daina baje su, tun da idon Bature ne ya kalli baƙar fata yadda ya ga dama. Maganar ba yau ta faro ba, kuma ba kowane hoto ne Bature ya ɗauka ba.

Sana'ar hoto ta bayyana a 1839, ba ta daɗe ba ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Augustus Washington, baƙar fatan Amurka, ya sauka Laberiya da kyamararsa a 1853, iyalan Lutterodt, 'yan ƙasa masu ɗaukar hoto, kuma suka yi suna a Akara.

Inda aka fi yin sakaci shi ne kan Jonathan Adagogo Green, ɗan ƙabilar Ijaw da aka haifa a yankin Bonny a 1873. Mahaifinsa attajirin manja ne, shi kuwa ya yi makarantar mishan, ya buɗe shagon hoto yana saurayi. Sarakunan Bonny da Opobo sun zauna gabansa cikin adonsu, Turawa 'yan kasuwa da jami'ai ma haka. A 1897, bayan Turawan Ingila sun ci birnin Benin da yaƙi, shi ya ɗauki hoton Oba Ovonramwen, sarkin Benin, a jirgin ruwan Ivy, ana kan hanyar kai shi Kalaba bayan an kore shi daga ƙasarsa. A ɗaya daga cikin hotunan Oban na zaune da mari a ƙafa, sojoji baƙaƙe na tsaye a bayansa, daga rundunar da Hausawa ke da yawa a cikinta. Amma ka dubi fuskarsa, ba ta wanda aka karya ba ce.

A hatimin da Green ke bugawa a bayan hoto, "J. A. Green" kawai yake rubuta sunansa, ga alama don kasuwa ta buɗe masa ta kowane ɓangare. Masu saye suka manna hotunan a kundi, hatimin ya ɓuya, suka tafi da su Ingila. Jaridu suka buga, galibi ba sunan mai ɗauka. Masu rajistar kayan tarihi da suka zo daga baya, in ma sun ga sunan, sai su ɗauka na Bature ne. Green ya rasu a 1905 yana da shekara 32, ba wanda ya tsaya gyara wannan zato.

An shafe shekaru masu yawa kafin masana, tare da taimakon danginsa a Bonny, su tabbatar da ko shi wane ne. Littafi sukutum a kan aikinsa bai fito ba sai a 2017.