Ƙananan taurari a labari: wane aiki suke yi wa jarumi?

Su wa ake kira ƙananan taurari?

Duk wanda labari bai rataya a wuyansa ba: aboki, ɗan aike, bafade, ƙanwar jaruma. Wani ya fito sau ɗaya ya ɓace, wani kuma yana nan daga farko har ƙarshe, amma bukatar jarumi ce ke jan akalar labarin.

Akwai wanda ake cewa yana fito da halin jarumi fili. Ta yaya?

Ta hanyar bambanci. Marubuci yakan ajiye mutum biyu cikin hali guda, sai kowa ya bi tasa hanyar. Dubi wasan Hamlet na Shakespeare. An kashe mahaifin Hamlet, an kuma kashe mahaifin Laertes. Laertes na jin labari ya baro Faransa, ya kutsa fada da jama'a a bayansa yana neman fansa. Hamlet kuwa yana ta saƙa da warwara, yau zai yi, gobe ya fasa. Da babu Laertes, da mai kallo sai ya ɗauka kowa ma haka zai yi jinkiri. Da shi ne muke gane cewa jinkirin daga Hamlet yake.

Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne dole su yi kama ta wani gefe. Idan ba abin da ya haɗa su, ba ma'aunin da za a ɗora su a kai.

Ke nan abokin gaba ne?

Ba lallai ba. A littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, Obierika aminin jarumin littafin, Okonkwo, ne na ƙut da ƙut. Ya ƙi bin masu zuwa kashe Ikemefuna, yaron da aka ba Okonkwo riƙo, daga baya kuma ya gaya wa Okonkwo gaba da gaba cewa bai kyauta ba da ya sa hannu. A ganina wannan ya fi kowace gaba ƙarfi, domin mai ƙaunarsa ne ya nuna mana cewa akwai wata hanyar, Okonkwo ne ya ƙi ta. Wani lokacin kuma abokin hamayya ne, kamar Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam: shi da jarumin littafin, Alhaji Imam, kar ta san kar ne, kowa na rama abin da aka yi masa, dabarar ɗaya ke auna ta ɗayan.

Wanda ya fito sau ɗaya tak fa?

Shi ma yana da nasa aikin. A wasannin kwaikwayon Girka na dā ba a cika nuna kisa a dandamali ba, ɗan aike ne ke shigowa ya ba da labarin abin da ya faru. Wasu kuma sukan sassauta wa mai kallo zuciya kafin babban tashin hankali, irin masu haƙa kabari a kashi na biyar na Hamlet.

Ina marubuta suka fi tuntuɓe?

Wajen mayar da ƙaramin tauraro ɗan amshin shata. Ƙawar jaruma ta zauna ba ta da aiki sai "to, sai me ya ce miki?", ba a san abin da take so ba, ba a san abin da take tsoro ba. Wannan yana ci mini rai, domin gyaransa ba wuya. A ba ta buri nata ko da ƙarami ne, a bar ta ta ƙi yarda da jaruma ko sau ɗaya. Idan kuwa an cire ta daga fitowa aka ga babu abin da ya canza, to a cire ta ɗin, ko a haɗe aikinta da na wani tauraron.