Shan wahala saboda Almasihu: tambayoyin da masu bi ke yawan yi

Dole ne Kirista ya sha wahala?

Yesu bai ɓoye wa almajiransa ba. A Yohanna 16:33 ya gaya musu za su sha wahala a duniya, amma su ƙarfafa zuciya, domin ya riga ya yi nasara da duniya. Bulus ya ƙara fito da maganar fili a 2 Timoti 3:12, inda ya ce duk mai son zaman ibada cikin Almasihu Yesu zai sha tsanani. Ba labari ya ji ba: sau biyar ana yi masa bulala 39, a Listira kuma aka jejjefe shi har aka zaci ya mutu. Shi ya sa wa'azin da ke yi wa sabon tuba alkawarin kuɗi da lafiya kawai yake da haɗari. Ranar da abu ya taso, sai mutum ya ɗauka Allah ya yashe shi, alhali tun farko ba a faɗa masa gaskiya ba ne.

Kowace wahala ce tsanani?

A'a. Bitrus ya raba su a 1 Bitrus 4:15-16: kada a same ka kana shan wahala don kisa ko sata ko shisshigi, amma in don kai Kirista ne, kada ka ji kunya. Wanda aka kora daga aiki saboda makara kullum, kada ya ce gicciyensa ne.

Tsananin gaske kuma ba kullum yake zuwa da bindiga ba. Akwai yarinyar da ta yi baftisma dangi suka janye hannu daga karatunta. Akwai ikilisiyar da ta shekara da shekaru tana neman takardar filin majami'a. Akwai Bahaushen da ake ce wa ba Bahaushe ba ne don yana zuwa sujada ranar Lahadi. Irin wannan ba ya shiga jarida, amma yana cin rai a hankali.

In na gudu, na musanta bangaskiya ke nan?

Ko kaɗan. Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari, ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). Bulus ma a cikin kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu da dare. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok 276, waɗanda akasarinsu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ne, Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikilisiyar da ke Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Babu mai hankalin da zai kira su matsorata. Abin da aka hana shi ne musun Ubangiji. Akan wayi gari kuma babu hanyar gudu, kamar yadda ya faru da Leah Sharibu, wadda aka riƙe bayan an sako sauran 'yan matan Dapchi a 2018 domin ta ƙi barin addininta, da Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, wanda aka kashe a Janairun 2020.

Jimiri yana nufin a yi shiru?

A nan mutane da yawa ke kuskure. Da aka yi wa Bulus dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu, domin shi ɗan ƙasar Roma ne. Daga baya har gaban Kaisar ya ɗaukaka ƙara. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da na sauya shi. Kai ƙara kotu ko neman lauya bai saɓa wa haƙuri ba. Ramuwar gayya ce Romawa 12:19 ta hana.

To yaya zan ɗauki maƙwabcina Musulmi?

Kada laifin wani ya shafi wani. Boko Haram ta kashe Musulmi masu ɗimbin yawa, ta kai hari masallatai. A Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan.

Me ikilisiya za ta yi tun kafin wahala ta zo?

Ta koyar da wannan a ajin baftisma, kada ta jira ranar jana'iza. Ibraniyawa 13:3 ta ce a tuna da 'yan sarƙa kamar tare aka ɗaure mu. A aikace, wannan shi ne a san gidan da zai karɓi sabon tuba in an kore shi, a san mai biyan kuɗin makarantar marayu, Zumuntar Mata kuma ta ci gaba da leƙa gwauruwa bayan 'yan gaisuwa sun watse.