Benny Morris: Masanin da Ya Tono Takardun Yaƙin 1948, Daga Baya Ya Kare Korar da Ya Fallasa

Duk wanda ke bin muhawara kan yadda Falasɗinawa suka rasa gidajensu a 1948 zai ci karo da sunan Benny Morris. Mai goyon bayan Falasɗinu yana kafa hujja da shi, mai kare Isra'ila ma haka, kuma dukkansu biyun suna da abin da suke ƙullace da shi. Ba kasafai marubucin tarihi ke samun kansa a irin wannan matsayi ba.

Wane ne shi?

Bayahude ne ɗan Isra'ila, an haife shi a watan Disamba na 1948, wato ana tsaka da yaƙin da ya zama aikin rayuwarsa. Iyayensa daga Birtaniya suka yi ƙaura, mahaifinsa kuma ya yi wa Isra'ila aikin jakadanci. Morris ya shiga rundunar sojojin laima, ya yi yaƙin 1967, sannan ya ji rauni a 1969 a bakin Mashigin Suwez lokacin da Masar ke luguden wuta kan sansanonin Isra'ila. Ya karanta tarihi a Jami'ar Ibrananci da ke Birnin Ƙudus, ya yi digirin digirgir a Cambridge kan alaƙar Birtaniya da Jamus. Da ya koma gida bai samu gurbin koyarwa ba, sai ya kama aikin jarida a Jerusalem Post, inda ya shafe shekaru.

Me mutanen Isra'ila suka yi imani da shi kafin littafinsa kan 'yan gudun hijirar Falasɗinu ya fito?

Labarin da ake koya wa yara a makaranta gajere ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da raba ƙasar Falasɗinu tsakanin Yahudawa da Larabawa a ranar 29 ga Nuwamba 1947, Yahudawa suka karɓa, Larabawa suka ƙi, ƙasashen Larabawa suka kawo hari, kuma shugabanninsu ne suka umarci Falasɗinawa ta rediyo da su fice na ɗan lokaci har a gama da Yahudawa. Bisa wannan labari, mutum kusan 700,000 da suka zama 'yan gudun hijira da ƙafarsu suka tafi, don haka babu alhakin kowa a wuyan Isra'ila.

Falasɗinawa sun daɗe suna cewa ƙarya ne, korar su aka yi. Masaninsu Walid Khalidi ya rubuta haka tun a 1959, kuma ɗan jarida Erskine Childers ya bi diddigin rahotannin rediyon wancan lokaci a 1961 bai samu wannan umarni ba. Sai dai a Turai da Amurka ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba, ana cewa ai masu ƙara ne ke ba da shaida.

To me Morris ya kawo da ba a sani ba?

Takardun Isra'ila da kanta. Dokar ƙasar ta tanadi buɗe yawancin takardun gwamnati bayan shekara 30, saboda haka daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara sakin fayilolin 1948. Morris ya duƙufa a kansu: rahotannin leƙen asirin soja, umarnin kwamandoji, bayanan taron jam'iyyu, littattafan da shugabanni ke rubuta al'amuransu na yau da kullum. A 1988 ya fitar da littafinsa kan asalin matsalar 'yan gudun hijirar Falasɗinu daga 1947 zuwa 1949.

Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne bin gari-gari da ya yi. Ya jera garuruwa da ƙauyuka 369, kowanne da dalilin da ya sa mutanensa suka watse. Mafi yawansu harin soja ne ya tashe su, wasu tsoro bayan faɗuwar garin da ke maƙwabtaka da su, wasu kuma kora ce ƙiri-ƙiri da bakin bindiga. Waɗanda suka tashi bisa umarnin shugabannin Larabawa 'yan ƙalilan ne. Ya nuna yadda labarin kisan kiyashin ƙauyen Falasɗinawa na Deir Yassin na 9 ga Afrilu 1948, inda aka kashe sama da mutum 100, ya bazu ya jefa tsoro a ƙauyuka. Ya kawo umarnin korar mutanen Lidda a watan Yuli na 1948, ɗauke da sa hannun Yitzhak Rabin, wanda daga baya ya zama firaminista, yana cewa a fitar da su da gaggawa ba tare da duba shekarun kowa ba. Dubun-dubatar mutanen Lidda da Ramla aka fitar, na Lidda suka taka da ƙafa cikin zafin rana, wasu suka mutu a hanya. Ya kuma nuna cewa tun a watan Yuni na 1948 gwamnatin David Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ta tsayar da shawarar hana kowa dawowa, aka shiga rushe ƙauyuka da zuba sababbin baƙi a gidajen da aka bari.

Falasɗinawa sun san duk wannan daga bakin iyayensu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: yanzu takardun rundunar da ta yi aikin ne ke magana.

Ke nan ya gaskata Falasɗinawa gaba ɗaya?

A'a, kuma a nan rigimar farko take. Hukuncin da ya yanke shi ne cewa yaƙi ne ya haifi matsalar, ba wani shiri da aka tsara tun farko ba. Ya ce bai ga wata takarda guda da ke ɗauke da umarnin korar dukkan Larabawa ba. Ya nuna cewa masu hannu da shuni na birane sun fara ficewa tun kafin yaƙin ya yi tsanani, kuma a Haifa magajin garin, wanda Bayahude ne, ya roƙi Larabawa su zauna. A fahimtarsa, tsarin yaƙin da ake kira Dalet na watan Maris 1948 tsari ne na kare hanyoyi da iyakoki, ko da yake ya ba kwamandoji damar share ƙauyuka.

Masana irin su Nur Masalha da Norman Finkelstein suka ce masa: hujjojinka sun fi hukuncinka ƙarfi. Idan shugabannin sahayoniya, wato aƙidar kafa ƙasar Yahudawa, sun shafe shekaru suna tattauna kwashe Larabawa, aka kore su a wurare da dama, sannan aka hana su dawowa, me ya rage a kira shi shiri? A ganina wannan suka tana da tushe. Shugaba mai wayo ba ya rubuta irin wannan umarni a takarda, kuma Morris da kansa ya yarda cewa Ben-Gurion mutum ne mai kaffa-kaffa da abin da zai bari a rubuce.

Yaya aka karɓe shi a gida?

Da zafi. Shabtai Teveth, marubucin tarihin Ben-Gurion, ya yi masa raddi a jarida. Masanin tarihi Efraim Karsh ya rubuta littafi sukutum a 1997 yana zarginsa da murguɗa kalaman shugabanni. Ana kiransa maƙiyin ƙasarsa. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne a 1988 ɗin dai, lokacin boren Falasɗinawa na farko da ake kira Intifada, an kira shi aikin soja a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan ya ƙi zuwa, aka ɗaure shi mako uku.

Shi ne ya raɗa wa kansa da abokan tafiyarsa sunan “sababbin masana tarihi”. A cikinsu akwai Avi Shlaim, wanda ya yi rubutu kan fahimtar juna ta ɓoye tsakanin shugabannin Yahudawa da Sarki Abdallah na Jodan, da kuma Ilan Pappé. Morris ya daɗe babu jami'ar da ta ɗauke shi, har ya fara maganar barin ƙasar. Sai da shugaban ƙasa Ezer Weizman ya sa baki kafin ya samu gurbi a Jami'ar Ben-Gurion da ke Beersheba a 1997. Abin mamaki, jami'ar da ke ɗauke da sunan mutumin da ya fi tonawa.

Me ya faru a 2004 da har yanzu ake maganarsa?

Tattaunawar sulhu ta Camp David tsakanin firaministan Isra'ila na lokacin, Ehud Barak, da shugaban Falasɗinawa Yasir Arafat ta watse a 2000, Intifada ta biyu ta ɓarke, hare-haren ƙunar baƙin wake suka yawaita a motocin haya da gidajen cin abinci na Isra'ila. Morris ya yanke ƙauna daga sulhu, ya ɗora laifin kan Falasɗinawa, yana cewa ba su taɓa amincewa da wanzuwar ƙasar Yahudawa ba.

A watan Janairu na 2004 ya yi hira da Ari Shavit a jaridar Haaretz. A lokacin ya fitar da sabon bugu na littafinsa, wanda ya fi na farko muni ga Isra'ila, domin an ƙara buɗe takardun soja. A hirar ya lissafa kisan kiyashi 24 da sojojin Yahudawa suka yi, da fyaɗe kusan goma sha biyu da aka samu a rubuce, ya ce kuma tabbas abin ya fi haka. Sannan ya ce ba ya ganin laifin korar. A cewarsa, da ba a tumɓuke waɗannan mutane 700,000 ba da ƙasar Yahudawa ba ta kafu ba, akwai yanayin da ke halatta share wata al'umma daga ƙasa, kuma kuskuren Ben-Gurion shi ne da ya fara bai ƙarasa ba.

Mutane da yawa sun ce ya yi amai ya lashe. Ni ban ga haka ba. Bai janye ko layi ɗaya daga abin da ya gano ba, ƙari ma ya yi. Hukuncinsa kan halacci ne ya fito fili, kuma hukunci ne da ba ya karɓuwa: hujjar “da mu da su, dole ɗaya ya tafi” ita ce duk wanda ya taɓa korar jama'a a tarihi ya kafa. Shi kuwa yana cewa bai taɓa fita daga aƙidar sahayoniya ba, masu karatunsa ne suka yi masa zaton abin da ba shi ne ba.

Mene ne tsakaninsa da Ilan Pappé?

Sun fara tafiya tare, suka rabu baram-baram. Pappé ya wallafa littafi a 2006 yana cewa abin da ya faru a 1948 shiryayyen aiki ne na kawar da Falasɗinawa, kuma tsarin Dalet shi ne taswirarsa. Ya bar Jami'ar Haifa ya koma Exeter a Ingila a 2007. Morris yana zarginsa da sakaci da ranaku da fassara, da barin siyasa ta ja alƙalaminsa. Pappé yana mayar masa da cewa wanda ya dogara da takardun soja kaɗai, labarin soja yake maimaitawa.

Wannan zargi na dogaro da takardun ɓangare ɗaya gaskiya ne?

Gaskiya ne a babban ɓangare. Tushen aikin Morris takardun Isra'ila ne da na Birtaniya da Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba laifinsa kaɗai ba ne, domin ƙasashen Larabawan da suka yi yaƙin ba su buɗe nasu fayilolin na 1948 ba. Amma shi ma ya zaɓi ya yi baya-baya da shaidar baka, yana cewa ƙwaƙwalwa tana sauyawa bayan shekaru. Matsalar ita ce manomin da aka kora daga ƙauye ba ya barin fayil. Idan aka ce sai abin da ke rubuce ne tarihi, to mai ofis da na'urar buga takarda ne kaɗai zai yi magana. Kuma kwamandan da ke rubuta rahoto shi ma yana da abin da yake ɓoyewa.

Duk da haka, mai son sanin abin da ya faru a wani ƙauye a wata rana ta 1948 da wuya ya kauce wa littafin Morris. Hatta masu sukarsa daga shafukansa suke ɗebo yawancin hujjojinsu.

Ana iya komawa a duba takardun da ya yi amfani da su?

Ba dukkansu ba. A 2019 Haaretz, tare da cibiyar bincike ta Akevot, ta bankaɗo cewa wani sashen tsaro na ma'aikatar tsaron Isra'ila da ake kira Malmab ya shafe shekaru yana zagaya ma'ajiyoyin takardu yana janye fayilolin da suka shafi 1948, har da waɗanda aka riga aka buɗe, masana suka karanta suka kawo a littattafai. Daga cikinsu akwai rahoton leƙen asirin soja na ƙarshen Yuni 1948 kan dalilan ficewar Larabawa, wanda Morris ya yi nazari a kansa tun 1986. Tsohon shugaban sashen, Yehiel Horev, bai musanta ba. Ya shaida wa jaridar cewa idan asalin takarda ba ta hannu, abin da masani ya rubuta a kanta yana rasa ƙarfi.