Digirin kula da tsaron intanet ba na masu rubuta manhaja kaɗai ba ne

An daɗe ana cewa digiri na biyu a fannin kula da tsaron intanet sai wanda ya ƙware a rubuta manhaja ko ya iya kutse. Akwai dalilin wannan zato, domin ɓangaren injiniyoyi ne aka fi gani.

Amma akwai irin wannan digirin da ake yi ta intanet don ma'aikatan kamfanoni, wanda jigonsa shugabanci ne. Ana koyon auna haɗari: a lissafa bayanan da kamfani ke riƙe da su, a ba kowace barazana maki, galibi daga 1 zuwa 5, na yiwuwar faruwarta da na girman ɓarnarta, a ninka su, sannan a san inda kuɗi zai fara zuwa. Akwai rubuta dokokin cikin gida, da ISO 27001, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da tsaron bayanai, da tsara wanda za a fara kira idan an yi kutse. Akanta ko lauya ya riga ya san rabin wannan aikin.

Sai dai tushe ba ya tsallakuwa. Wanda bai san yadda kwamfutoci ke sadarwa da yadda ake kulle bayanai ba, zai sa hannu kan kasafin da bai fahimta ba.

Don tantancewa, a buɗe jerin darussan da sharuɗɗan shiga, a ga ko ana neman digirin kwamfuta ko gogewar aiki ta wadatar. A kuma nemi sunan jami'ar a rajistar hukumar tantancewa ta ƙasarta, ba a tallarta ba.

Don Allah a tura wa masu niyyar wannan karatu.