Waiwaye: tokar juji da injiniyoyin muhalli a Jos

Kwanakin nan ana ta kai ruwa rana tsakanin malaman jami'a da ɗalibansu a Jos: shin ilimin gargajiya yana da gurbi a karatun injiniyan muhalli, ko kuwa ɓata lokaci ne ga mai neman ƙarin girma? Wasu na magana kamar jiya Turawa suka shigo da zancen, alhali ya girmi yawancin masu muhawarar.

Farkon labarin sananne ne. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, suka bar kududdufai da tudun yashi daga Bukur har Barikin Ladi. An gwada farfaɗo da ƙasar da dashen itatuwan turare. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yadda 'yan lambu suka yi da wannan ƙasa. Da aikin kuza ya yi ƙaranci, mutane da dama suka koma noman rani a bakin kududdufai da rafin Dalimi. Ƙasar ta gaji, ga tsami, takin zamani kuma ba kullum yake samuwa ba. Sai suka riƙa sayen tokar juji daga cikin gari, mota guda. A tsince kwalba da gwangwani, a gauraya da kashin kaji ko na shanu, a ɗan yayyafa na zamani. Manomi kan murza tokar a tafin hannu, ya dubi launinta, ya ce wannan ta dace da kabeji ko a'a. Karas da latas ɗin da ake lodawa zuwa kudu, da yawa a irin wannan ƙasar suka fito.

Daga shekarun 1980, masu bincike na Jami'ar Jos da ta Durham ta Ingila suka bi manoman har lambu da kayan awo. Awon ya nuna tokar tana rage tsamin ƙasa. Ya kuma nuna abin da tafin hannu ba ya ganewa: juji na ɗauke da dalma da sauran ƙarafa masu illa.

A ganina nan aka yi sake. Sakamakon ya fi yawo a mujallun ƙasashen waje, inda malami ke samun maki, bai zama darasin aji ba. Yau ɗalibi ya san sunan sinadaran toka da Turanci, amma bai taɓa tsugunawa ya tambayi mai lambu a wace unguwa yake sayen tasa ba.